Daga Sakkwato zuwa Detroit: sauyin kiɗan Mdou Moctar da abin da ya bari a baya

Ba lalle ne sunan Mdou Moctar ya ɗaga kan kowa ba idan ka ambace shi a wata fada ta unguwar Zariya a Maradi. Samarin da ke jiran shayi na biyu ya nuna sun fi sanin Hamisu Breaker da Umar M. Shareef, wayoyinsu ma sun isa shaida. Amma a Landan da New York wannan ɗan Nijar yana cika zauren kallo, jaridun kiɗa kuma na lissafa shi cikin gwanayen jita na wannan zamani. Masu saurarensa a can sun san shi da jitar lantarki mai tsaga kunne, irin ta kiɗan rok. Kaɗan ne cikinsu suka damu da cewa kundinsa na farko, Anar, bai yi kama da haka ba ko kusa, kuma a Sakkwato aka naɗe shi a 2008, da kayan aikin da mawaƙan finafinan Hausa ke amfani da su. Tsakanin wancan kundi da waɗanda suka biyo baya akwai tazara mai faɗi. Yadda ake ba da labarin tazarar nan ne nake ganin yana buƙatar gyara.

Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, Ba'abzine daga Azawak a jihar Tawa, yankin Abalak da Tchintabaraden. Bahago ne. Gidansu gidan riƙon addini ne da ba a maraba da kiɗa, shi ya sa jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayoyin birkin keke. Wanda ya ja shi ga sana'ar shi ne Abdallah Oumbadougou, makaɗin da kasakasansa suka yi ta yawo a ɓoye lokacin tawayen Abzinawa na shekarun 1990, kafin yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilun 1995. Wato Mdou a gidan jitar hamada ya tashi, gidan da Tinariwen na Mali suka yi wa suna a duniya.

To me ya kai ɗan wannan gida Sakkwato? Taswira ta ba da rabin amsar. Daga Tawa, in ka bi Ƙonni ka tsallaka Illela, za ka shiga Sakkwato kafin wanda ya nufi Yamai ya raba hanyarsa biyu. Mu a Maradi mun san irin wannan lissafi: Ɗan Isa, Jibiya, Katsina, sai Kano, kuma ta wannan hanya ce atamfa da man fetur da kaset suka daɗe suna shigo mana. Sauran rabin amsar kuwa tana cikin situdiyo. A waɗancan shekarun arewacin Najeriya ya cika da ƙananan ɗakunan naɗar waƙa, masu araha, masu saurin aiki, waɗanda kasuwar fim ta haifa.

Sai an ɗan tsaya a kan waɗannan ɗakuna, domin su ne tushen zancen. Finafinan Indiya sun shiga silimomin Kano da sauran biranen arewa tun kafin a haifi mafi yawan masu karanta wannan rubutu, suka zauna a kunnen mutane da zubin waƙarsu: namiji ya rera, mace ta amsa da siririyar murya, ana zagaya juna. Da fim ɗin bidiyo na Hausa ya kankama bayan Turmin Danya na 1990, sai masu shirya shi suka ɗauki wannan zubi. Ba su da kuɗin tara makaɗa ashirin, saboda haka fiyanon Yamaha ya zama shi ne ganga, shi ne sarewa, shi ne goge. Fim ɗin Sangaya na 1999 ya nuna wa kowa cewa waƙa ce ke sayar da kaset. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubutu mai yawa a kan yadda fiyano ya mamaye wannan fage. Daga baya kwamfuta ta shigo, ta zo da Auto-Tune.

Kamfanin Antares na Amurka ne ya fitar da Auto-Tune a 1997, kuma manufarsa ita ce rufa wa mawaƙi asiri: in muryarsa ta ɗan kauce daga inda ya kamata ta sauka, manhajar ta jawo ta a hankali ba tare da mai sauraro ya lura ba. Amma akwai wurin da ake saita saurin jawowar. In aka kai shi ƙarshe, muryar ba ta ƙara zamewa daga wannan amo zuwa wancan kamar mai saukowa daga gangare, sai dai ta riƙa tsalle kamar mai taka matakala. Wannan tsallen ne kunne ke ji a matsayin karkarwar ƙarfe. A Ingila aka fara fito da shi fili, a waƙar Believe ta Cher a 1998, wadda furodusoshin Birtaniya biyu, Mark Taylor da Brian Rawling, suka haɗa. Abin lura shi ne, manhajar ta fi nuna kanta a kan mawaƙin da ke lanƙwasa murya, yana jan gaɓa ɗaya ta hau ta sauka. Wanda ke rera waƙa a miƙe ba ya ba ta abin yi sosai. Mawaƙan nanaye kuwa, da suka gaji lanƙwasar Indiya suka haɗa da tasu ta gida, kamar don su aka ƙera ta. Shi ya sa abin da wasu ke ɗan ɗiga wa waƙa jefi-jefi ya zama a wajenmu shi ne muryar kanta.

Cikin irin wannan ɗaki Mdou ya shiga da jitarsa marar lantarki da waƙoƙinsa na Tamashek. Wanda ya saurari Anar da kunnen Bahaushe zai gane gida nan take. Bugun na na'ura ne, busasshe, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa daga farkon waƙa har ƙarshenta. Muryar tana rawa tana ƙyalli yadda muka saba ji a kasakasan Kano. Amma a ƙarƙashi jitar tana tafiya da takun raƙumi irin na Azawak, tana maimaita jimla ɗaya har ta shige ka, kuma babu macen da za ta amsa masa a yi ta musayar baiti kamar a fim. Kaɗaicin waƙar hamada yana nan, an dai sa masa rigar birni. Waƙoƙin soyayya ne mafi yawansu, a sanyaye, babu gaggawa. Gaurayen ya zo wa kunnuwa da baƙunta a wancan lokaci, domin makaɗan jitar Abzinawa ba su saba bin wannan hanya ba.

Babu kamfanin da ya fitar da kundin a lokacin. Wayar hannu ce ta fitar da shi. Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a ƙarshen shekarun 2000 ya san yadda abin yake: ka miƙa memori ga mai tura waƙoƙi a bakin kasuwa ko kusa da tasha, ya cika maka shi da duk abin da ke tashe, ko kuma a fada a haɗa wayoyi biyu ta Bluetooth a jira layin ya cika. Waƙa takan tashi daga Sakkwato a aljihun direba, ta kwana a Agadas, ta wayi gari a Kidal, wani lokaci sunan mai ita ya faɗi a hanya. Kuma sautin Anar ya dace da wannan tafiya. Ƙaramar lasifikar waya ba ta iya ɗaukar amo mai kauri, amma siririyar murya mai ƙyalli tana fita tas ko da a tsakiyar hayaniyar kabu-kabu. Masu haɗa sauti na Kano da Sakkwato sun san kunnen da suke yi wa aiki da na'urar da zai ji su da ita. Wannan ƙwarewa ce, ko da masu raina nanaye ba su so a faɗa.

A arewacin Mali ne wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, wanda ya kafa kamfanin Sahel Sounds a Portland, ya kwafi waƙar Tahoultine daga wayoyin mutane. Ya sa ta a tarin waƙoƙin da ya kira Music from Saharan Cellphones, wanda ya fito a faifai a 2011, ita ce kuma ta fi jan hankalin masu saye. Sai da ya sha nema kafin ya gano mai waƙar. Ma'ana dai, ƙofar da Mdou ya bi ya fita duniya, waƙar situdiyon Sakkwato ce ta buɗe ta.

Daga nan komai ya juya. Afelan na 2013, wanda aka naɗa a Tchintabaraden, babu Auto-Tune a cikinsa: jita ce da tafi da murya tsirara, wani ɓangare da lantarki, wani babu. A 2015 aka fitar da fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai da aka ɗauka a Agadas, wanda ya bi sawun Purple Rain na Prince, Mdou na yawo kan babur da jita a baya. Sousoume Tamachek na 2017 kundi ne mai sanyi da ya buga shi kaɗai. Babban tsallen ya zo a 2019 da Ilana: The Creator, wanda aka naɗa a Detroit da cikakkiyar ƙungiya. Ahmoudou Madassane ne ke riƙe jitar rakiya, Ba'amurke Mikey Coltun na kan jitar bas, Souleymane Ibrahim kuma shi ne ya zama mai gangunan ƙungiyar daga baya. Sai kamfanin Matador na New York ya ɗauke su, ya fitar da Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024. A waɗannan kundaye waƙa takan fara da tafiya, ta koma sassarfa, ta ƙare da gudu, ganguna na kora, yatsun Mdou na tsalle a wuyan jitar Fender da salon da shi kansa ya ce ya ƙara gogewa a kai bayan ya kalli bidiyon Eddie Van Halen. Jigon ma ya sauya. Soyayya ba ta ɓace ba, amma mulkin mallaka, da yuraniyom ɗin Arlit da ake haƙa alhali ƙauyukan ƙasar na kwana cikin duhu, da makomar harshen Tamashek, su suka hau gaba. Akwai waƙar da ya sa wa suna Oh France kai tsaye.

Labarin da masu sharhi na waje suka fi bayarwa mai sauƙi ne: yaro ya fara da kayan wasa na araha, ya girma, ya samu kayan aiki na gaske, ya zama gwani. Anar a wannan lissafi abin sha'awa ne kawai na ƙuruciya, a ambace shi a layi ɗaya a wuce.

Don a ga inda lissafin ya karkace, a dubi wata ƙungiyar Birtaniya da ta yi irin wannan tafiya amma ta fuskar da ta saba. Radiohead samari biyar ne da suka haɗu a makaranta a Abingdon kusa da Oxford. Kundinsu na farko, Pablo Honey na 1993, jita uku ne da ganguna, da furodusoshi Amurkawa biyu, Sean Slade da Paul Kolderie, kuma ƙamshin kiɗan da Nirvana suka sa ya yi tashe a lokacin yana tashi daga cikinsa. Waƙa ɗaya ce ta ɗaga su, Creep, wadda ba ta karɓu a gida ba da farko sai da ta yi suna a Isra'ila da Amurka. Daga baya suka gaji da ita har suka yi shekaru ba sa buga ta a dandamali. Bayan The Bends na 1995 da OK Computer na 1997, lokacin da duniya ke jiran su zama sarakunan jita, sai suka fitar da Kid A a 2000: na'urorin bugu, sautin kwamfuta, muryar mawaƙinsu Thom Yorke a murɗe har ba a gane kalmomi a wasu wurare. A Amnesiac na 2001 sun yi amfani da Auto-Tune ɗin nan dai da gangan don murya ta zama ta ƙarfe. Wasu magoya baya sun yi fushi, amma kundin Kid A ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya da Amurka, yau kuma ana sa shi cikin manyan ayyukan ƙarnin.

Ga abin da ya kamata a tsaya a kai. Turawan Oxford sun ajiye jita sun ɗauki na'ura, aka ce sun balaga. Ba'abzinen Tawa ya ajiye na'ura ya ɗauki jita, shi ma aka ce ya balaga. Hukunci ɗaya a kan tafiya biyu masu karo da juna. Manhaja ɗaya ce, a hannun Thom Yorke sunanta gwaji da zurfin tunani, a hannun mai situdiyon Sakkwato sunanta rufa-ido na marasa murya. In haka ne, ba kayan aikin ake aunawa ba. Abin da ake aunawa shi ne ko makaɗin ya zo daidai da hoton da mai sauraro ya riga ya zana masa. Bature mai sayen faifai yana son ɗan hamada da rawani da jita, domin ya riga ya san inda zai ajiye shi a kanta, kusa da Jimi Hendrix. Ɗan hamada mai muryar kwamfuta da bugun finafinan Kano ya fi wuyar ajiyewa. Wani abin ban dariya, Matador da ke fitar da Mdou da XL da ke riƙe da tsofaffin kundayen Radiohead tun 2016 duk 'yan gida ɗaya ne, rukunin Beggars na Landan.

Sai dai kada a yi saurin cewa Mdou ya sayar da kansa, ko Turawa ne suka ɗora masa rok. Wannan ma zalunci ne, kuma wanda ya taɓa tsayawa a filin biki a Agadas ba zai faɗe shi ba. A can, janareto na ruri, amsa-kuwwa ta gaji har tana tsatsage sauti, ganguna na ƙara wuta saboda masu rawa ba su yarda a sassauta ba, ƙura na tashi. Ƙarar da saurin ba daga Detroit aka yi odarsu ba. Kamfanin Sublime Frequencies ya naɗi Group Inerane a wani kundi na 2007 da Group Bombino a na 2009, tun kafin a san Mdou a waje, kuma duk wannan zafi yana ciki. Kasakasan Dire Straits da bidiyon Hendrix sun daɗe da shiga hannun makaɗan arewa, Bombino ya sha faɗin haka da bakinsa. Mdou makaɗin biki ne kafin Sakkwato, makaɗin biki ne bayanta. Ta wannan fuska, Anar ne ratse, jitar lantarki ita ce babbar hanya. Haka ma Pablo Honey bai zama ainihin Radiohead ba don kawai shi ya fara fitowa. Kundin farko sau da yawa hoton ɗakin da aka samu ne, da kuɗin da ke aljihu, da abin da ke tashe a shekarar.

Saboda haka ba na cikin masu cewa ya koma inda ya fito. Abin da nake cewa shi ne sauyin nasa sauyin masu sauraro ne kafin ya zama sauyin kayan kiɗa. Hausawa na cewa in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, a nan kuwa masu rawar ne suka fara sauyawa. Anar an yi shi ne don mutum ɗaya da wayarsa, wanda ke jin Tamashek ko ya saba da amonsa, ana sauraro a tsakar dare ko a bayan mota. Ilana da abin da ya biyo baya an yi su ne don zaure mai cin ɗaruruwan mutane da suka sayi tikiti, waɗanda ba sa jin kalma ko ɗaya. Wanda ba ya jin harshenka, da me za ka riƙe shi awa ɗaya da rabi? Da gudun yatsu, da ƙara, da hawa da saukar zafi. Shi ya sa jitar ta yi tsawo, muryar ta ja baya. Akwai ɗaci a nan da ba a cika faɗa ba: lokacin da kalmominsa suka fi nauyi, suna tuhumar Faransa da shugabannin Afirka, lokacin ne mafi yawan masu saurarensa suka koma karanta fassara a bayan faifai. Kuma tun da Bluetooth ba ya biyan ko dala, ba wanda zai zargi mai iyali don ya bi inda guminsa ke komawa aljihunsa.

Idan aka tambaye ni hukunci, ga shi. Ta fuskar gwaninta, Afrique Victime ya fi Anar nesa ba kusa ba. Ƙungiyar ta haɗu, bugun na numfashi, waƙar da ta ba kundin suna tana ɗaukar mai sauraro ta kai shi inda bai shirya zuwa ba. Funeral for Justice ya fi shi fushi, amma a kunnena ya fi shi gajiyarwa, domin kusan ko'ina wuta ce, wurin hutawa kaɗan ne. Ta fuskar sabunta kuwa, Anar ne kan gaba. Gwanayen jitar lantarki a Sahara suna da yawa, Mdou ya fi su sauri ne da sa'ar hanya. Amma auren jitar Azawak da situdiyon Hausa hanya ce da ya buɗe, ya taka ta sau ɗaya, ya bar ta. Sahel Sounds sun sake fitar da kundin a faifai a 2014, sai dai shi kansa bai koma wannan salo da wani cikakken kundi ba. Ko da juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya rutsa da ƙungiyar a Amurka, hanyar gida ta toshe na wani lokaci, suka shiga situdiyo a Brooklyn suka sake buga waƙoƙin Funeral for Justice a sanyaye, abin da ya fito a 2025 da sunan Tears of Injustice, jita marar lantarki suka koma, ba fiyano ba.

Mu a Maradi zancen bai yi mana nisa ba, domin garin nan ya ga hanyoyin biyu. Marigayi Sa'adu Bori ya ɗauki amon bori, wanda ƙasar Katsina da Gobir suka san shi ciki da bai, ya ɗora shi kan jita da gangunan zamani. A tsakiyar shekarun 1990 kamfanin Stern's na Landan ya fitar da Niamey Twice, kundin da ya haɗa shi da Moussa Poussy. Wannan ita ce hanyar ƙungiya, mai buƙatar makaɗa da yawa, da wurin gwaji, da mai ɗaukar nauyi. Ya rasu a hatsarin mota a 2008, shekarar da aka naɗi Anar. Ɗaya hanyar ita ce ta Fati Nijar, haifaffiyar Maradi da ta tsallaka Kano ta yi suna a situdiyo, har waƙarta Girma-Girma ta zama ta kowane gidan biki. Kowa ya san wadda ta yi rinjaye a kasuwa. A fadar Sarkin Gobir a Tibiri tambari da kakaki na nan a ranakunsu, amma a bikin unguwa mai lasifika da memori ya karɓe wurin da makaɗa ke zama. Mai ban ruwa a lambunan Jiratawa, abin da ke fita daga aljihun rigarsa sautin Kano ne.

Duk da wannan rinjaye, ba mu daina jin kunyar sautin ba. Masu ilimin boko na kiransa kwaikwayon Indiya, dattawa na cewa ya kashe kalangu da gurmi, wasu malamai kuma ba su ga alheri a cikin ko wanne ba. A cikin sukar akwai gaskiya: ɗakuna da yawa bugu ɗaya suke juyawa, an kuma samu masu shiga waƙa da ba su da abin da manhaja za ta gyara ma. Amma salon da ya riƙe kunnen miliyoyin mutane daga Kano zuwa Damagaram har zangon Kumasi fiye da shekara ashirin ya wuce a kira shi kuskure. Sahel Sounds ɗin nan da suka gano Mdou sun fitar da tarin waƙoƙin finafinan Hausa a 2013 da sunan Harafin So, har da muryar Fati Nijar a ciki, aka buga shi a faifai mai kyau aka sayar wa mutanen da ba su taɓa taka Kano ba. Abin da muke sharewa daga memori don mu samu wurin sabon bidiyo, wani yana adana shi a Portland.

Nan ne damuwata ta fi ƙarfi. Anar ya tsira ne bisa katari, don wani baƙo ya kwafe waƙa ɗaya daga wayar wani a Mali. Waƙoƙin da aka naɗa a waɗancan shekarun a ƙananan ɗakunan Maradi da Sakkwato da Katsina, na biki, na siyasa, na yabon Annabi, na 'yan rap da suka gwada Hausa kan bugun kwamfuta, suna kwance a tsofaffin kwamfutocin masu tura waƙoƙi da memorin da ke lalacewa ɗaya bayan ɗaya. Kaset ko ya tsufa ana iya ɗaura zarensa a saurara. Memori in ya mutu ya tafi da komai. Su kansu masu turawar sana'arsu na ja baya tun da WhatsApp da TikTok suka karɓi aikin.

Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo tana cikin garin nan, gidajen rediyo ma muna da su. Aikin bai fi ƙarfin ɗalibai kaɗan da na'urar ajiya mai kyau ba: a bi masu tura waƙoƙin da suka daɗe a bakin kasuwa, a kwafi abin da suka tara, a rubuta sunan mawaƙi da na wanda ya haɗa sautin da shekarar, tun masu iya tunawa suna raye, kuma a nemi izinin masu waƙa kafin a yaɗa. Kai kuma mai karatu, in kana da tsohuwar waya a ƙasan akwati, ka ciro memorin ka kwafe shi kafin damina mai zuwa.